Za a ba kamfani kasuwarmu, an sayar da ita ke nan?

Tambaya: Ina da shagon atamfa a wata kasuwa a Zariya. Ana ta raɗe-raɗin cewa ƙaramar hukuma za ta kawo kamfani ya rushe rumfuna ya gina sababbin shaguna. An sayar da kasuwar ne? Mu da muka gaji wurin daga iyayenmu fa?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. A doka ba sayarwa ba ce. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da kwashe shara, kuma shigowar kamfani ba ta sauke mata wannan nauyi. Abin ya fi kama da jinginar gona: kamfani ya zuba kuɗinsa ya gina, ya ci moriya na shekarun da aka ƙayyade, sannan ya mayar. Fili na hukuma ne tun farko har ƙarshe.

Ni ba na adawa da tsarin. Yawancin ƙananan hukumomi in sun biya albashi abin da ya rage ba zai gina kasuwa mai magudanar ruwa, ban-ɗaki da hanyar motar kashe gobara ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, bai ƙara yawan kason ba.

Amma kamfani ba sadaka ya zo yi ba, kuma daga aljihunku zai fanshe kuɗinsa. Don haka abin da zai yanke makomarku shi ne takardar yarjejeniya. Wa ke da ikon ƙara kuɗin haya, kamfani shi kaɗai ko sai hukuma ta amince? A Legas an ba kamfani titin Lekki zuwa Epe na shekara 30 a 2006. Da aka fara karɓar kuɗin wucewa a 2011 jama'a suka yi bore, daga baya gwamnatin jihar ta saye yarjejeniyar. Batun farashi da aka bari a dunƙule shi ke dawowa ya zama rigima.

Wurin da na fi jin tsoro shi ne rabon shaguna. Mai tebur da mai kayan miya su ake fara mantawa, domin sabon shago kan zo da kuɗin da sai mai hannu da shuni, shi kuma ya saya ya ba da haya ga wanda dā ma wurinsa ne. Gado a baki yana da wuyar tabbatarwa a gaban kotu. Ka adana takardar da aka ba mahaifinka shago da duk rasit ɗin haraji. Ƙungiyarku da Sarkin Kasuwa su matsa a ƙirga masu rumfuna, da sunayensu da lambobinsu, kafin katafila ta shigo, a kuma rubuta cewa su za a fara ba shago, da biya kashi-kashi, da inda za ku zauna kafin a gama gini.

Kuna da haƙƙin ganin takardar yarjejeniyar. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. Ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ku ba kansilanku kwafi, a buga muku hatimin karɓa a naku, sannan ku kai wa lauya ya karanta muku kafin kowa ya sa hannu a madadinku.