Tambaya da amsa: Wane girman rim da taya ya dace da tsohuwar mota MGB?

Tambaya: Ina gyaran MGB GT ƙirar 1972. Tayoyin da ke kanta 165R14 ne, sun tsufa har gefensu ya tsattsage. An ba ni shawara in cire rim ɗin inci 14, in sa na inci 16 da taya 205/55, wai za ta fi kyau kuma ta fi kama titi. Hakan ya yi? In bai yi ba, wane girma zan saya?

Amsa: Malam, shawararmu ita ce ka bar maganar inci 16. Motar za ta iya ɗauka idan aka matsa mata, amma za ka rasa abin da ya sa ake son tuƙa ta, wato sitiyari mai sauƙi da ke gaya wa hannunka halin da tayoyin gaba suke ciki.

Mu fara da lissafin da ba a tsallake shi, tsayin taya gaba ɗaya daga ƙasa zuwa sama. A 205/55R16, lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe kuma girman rim ne a inci. Tsofaffin tayoyi irin taka ba a rubuta musu lambar tsakiya, ana ɗaukarta kusan 80. Saboda haka gefen 165R14 milimita 132 ne. Ka ninka biyu, 264, ka ƙara inci 14 wanda yake milimita 356, ka samu 620. Wannan shi ne ma'auninka. Duk tayar da za ka saya, kada ta kauce masa da fiye da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari.

Da wannan lissafi 185/70R14 tana ba da 615, haka ma 195/60R15 tana ba da 615. Ita kuwa 195/60R14, wadda mutane da yawa ke faɗawa cikinta don tana hawa tsohon rim, 590 ce kawai. Ta gaza da kusan kashi 5: agogon gudu zai nuna 100 alhali kana kan 95, injin zai riƙa ƙara juyi a doguwar tafiya, salansa kuma ta ƙara kusantar ƙasa da milimita 15. Wadda aka ba ka shawara, 205/55R16, tana kai 632, ta fuskar tsayi ba ta yi laifi ba. Matsalarta faɗi ne da gajeren gefe.

An tsara ƙafafun MGB tun 1962, lokacin da taya siririya ce mai dogon gefe da zagayayyar kafaɗa. Idan motar ta shiga kwana bodinta yana karkata sosai, tayoyin gaba su karkata tare da shi. Taya mai zagayayyar kafaɗa tana mirginawa a hankali, fuskarta ba ta rabuwa da kwalta, kuma idan za ta zame sai ta yi maka gargaɗi tukuna. Tayar zamani mai faɗi, mai kafaɗa a miƙe kamar akwati, an yi ta ne don motar da ke riƙe tayarta tsaye. Ka sa ta a MGB, da bodi ya karkata sai ta hau gefenta na waje, na ciki ya ɗaga, riƙon da aka yi maka alkawari ya tafi a lokacin da ka fi buƙatarsa. Ga shi sitiyarin motar ba shi da na'urar taimako, ƙarfin hannunka ne kawai. Ƙarin faɗin milimita 40 za ka ji shi a kafaɗarka duk sanda za ka faka, kuma motar za ta riƙa bin kowane tsagi da ke kan titi. Nauyin babban rim da taurin gajeren gefe kuma a kan boris, bushin da tsofaffin shokazoba suke sauka. Dogon gefen nan da ake rainawa wani ɓangare ne na sifirin ɗin motar.

To me za ka saya? Idan kana son motar ta tafi yadda aka ƙera ta, ka koma 165R14 cikin tayoyin da ake yi musamman don tsofaffin motoci, irin su Michelin XAS, Pirelli Cinturato ko Vredestein Sprint Classic. Wannan ne zaɓinmu na farko. Idan kana son ɗan ƙarin cika ido, 185/70R14 a kan rim mai faɗin inci 5 ko 5.5 ta yi. Iyakar da za mu yarda da ita 195/60R15 ce a kan rim mai faɗin 5.5, ita ma sai an gwada. Kada ka cusa 195 a rim mai faɗin inci 4.5, gefen zai matse, fuskar tayar ta kumbura, tsakiyarta ta cinye da wuri.

Idan za ka canja rim, wurin da aka fi asarar kuɗi shi ne lambar ET, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne da ƙafa. Ka auna na tsohon rim da kanka. Kife shi a ƙasa, fuskarsa ta waje tana ƙasa, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bakinsa na baya, ka auna daga ƙarfen zuwa fuskar da ramukan noti suke. Sannan ka auna faɗin rim ɗin baki zuwa baki ka raba biyu, ka cire daga awon farko. Misali, idan ka samu 101 kuma faɗin 152 ne, rabinsa 76, ET ɗinka 25 ke nan. Rim da ya fi naka faɗi da inci ɗaya a kan ET iri ɗaya zai ƙaru da kusan milimita 13 ciki, 13 waje. Idan kuma ET ɗinsa ya gaza naka da 10, zai fito waje da 23. Fitowar nan ce ke sa taya ta goga bakin bodi, sitiyari kuma ya riƙa fizgar hannu idan ka faɗa rami ko ka taka birki.

Ramukan notin rim ɗin MGB huɗu ne a kan da'irar inci 4.5, wato milimita 114.3. Notin ma ka duba: wani rim mai bakin mazurari yake so, wani mai dogon wuya da washa. Ka haɗa wanda ba nasa ba, zai kwance a hanya. Noti ya shiga kusarsa aƙalla gwargwadon kaurin kusar.

Kafin ka biya kuɗin guda biyar, nemi rim ɗaya da taya ɗaya ka gwada. A gaba, juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka leƙa ko ta kusanci tiyon birki ko ƙarfen da ke hana bodi karkata, ka kuma tabbata cikin rim bai taɓa kan birki ba. A baya ne aka fi samun matsala, domin aksul ɗin a kan sifirin mai falle-falle yake zaune, yana gocewa gefe kaɗan a kwana. Gwada hagu da dama duka, sau da yawa tazarar ba ta zuwa daidai. Ka bar aƙalla milimita 15. Shafa alli a gefen tayar, ɗauki mutum ɗaya da ɗan kaya, ka zaga kwana biyu ko uku. Inda allin ya goge, nan take gogawa.

Idan rim ɗinka mai wayoyi ne irin na asali, dole ka sa tub da robar da ke rufe kan wayoyin, kuma ba a so a sa tub cikin tayar da lambar tsakiyarta ta gaza 70. Wannan kaɗai ya fitar da 195/60 daga lissafinka.

Wajen saye ka duba harafin gudu, wato iyakar gudun da tayar ke jurewa: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, kowanne ya wadaci wannan mota. Sai lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen taya, masu nuna lokacin da aka yi ta: 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023. In ka ga lambobi uku ne, an yi tayar kafin 2000, kada ta hau titi ko da zanenta bai taɓu ba. Tayar safaya ma ta zama girmansu ɗaya da sauran, amma ka fara gwada ta a mazauninta, don a GT ƙarƙashin katakon but take kwanciya, mai faɗi da yawa tana hana katakon zama daidai.