Amsar tambayarka kan sanɗar barewa a tsauni

Ɗana, ka ce sau uku ke nan kana hango barewa a gefen tsauni da sassafe, ka hau zuwa gare ta da sanɗa ba tare da ka taka ko busasshen ganye ba, amma kafin ka kai inda kibiya za ta cim mata sai ta ɗaga kai, ta yi huci, ta haye tudu. Ka kuma tambaya ko gara ka nemi baka mai ƙarfi domin ka riƙa harbi daga nesa. A yadda ka kwatanta mini, ƙafarka ba ta da laifi. Hancin barewar ne ya kama ka, kuma lokacin da ka zaɓa da hanyar da ka bi su ne suka kai mata warinka.

Iskar tsauni tana da tafiyarta ta kullum, kuma wanda bai san ta ba zai yi ta wahalar banza. Da daddare ƙasa da duwatsu suna hucewa, iskar da ke kwance a kansu ta yi sanyi ta yi nauyi, sai ta riƙa gangarowa tana bin kwazazzabai kamar yadda ruwa yake yi. Idan rana ta fito ta bugi gangaren, ƙasa ta ɗumama, iskar ta yi sauƙi, sai ta juya ta soma hawa, kuma haka za ta ci gaba har inuwa ta sake rufe wurin da yamma. Kai kuwa ka tashi daga gindin tsauni da asuba, lokacin da iska take sauko maka a fuska, ka ɗauka ta zama taka. Kana tsakiyar hawa hantsi ya yi, iskar ta juya ta bayan wuyanka, ta ɗauki warin guminka ta isar da shi sama tun kana nesa. Mafi munin lokaci shi ne wannan tsakanin, da safe da kuma gab da faɗuwar rana, domin iskar ba ta tsayawa a fuska ɗaya, kuma a kwazazzabo guda za ka tarar gefen da rana ta haska yana hawa, gefen inuwa yana sauka. Saboda haka ka riƙe ɗan garin toka a aljihu, ka riƙa sakin kaɗan kana kallon inda ya nufa, duk bayan 'yan takun da ka yi. Barewa takan ji motsi ta yi shakka, takan ga abu ta tsaya tana tantama, amma ban taɓa ganin wadda ta shaƙi warin mutum ta tsaya neman tabbaci ba.

Aikin safiya, in ka fahimci wannan, kallo ne kawai. Ka hau wuri mai tsawo tun da duhu, ka zauna da madubin hangen nesa, rana tana bayanka idan ya yiwu, ka bi gangaren da ido yanki yanki. Kada ka nemi barewa sukutum. Ka nemi kunne, ko reshen ƙaho, ko layin baya a kwance a inda komai yake tsaye. Idan ka same ta tana kiwo, ka bar ta ta ci, domin mai kiwo tana tafiya, kuma inda ka gan ta ba nan za ka tarar da ita ba. Rana na yin zafi za ta nemi inuwar dutse ko ta itace ta kwanta tana tuƙa, galibi fuskarta na kallon gangare. Sau da yawa takan tashi bayan ɗan lokaci ta sake makwanci idan inuwar ta gusa, don haka ka ƙara haƙuri har ka tabbata ta zauna. A lokacin ne iska ta daidaita tana hawa, idonta da hancinta duka suna tsaron ƙasa, sama kuwa ta zama ƙofar da ta rage maka. Sai dai idan akwai babbar iska da take kwararowa ta kan tudu daga bayanta, to wannan ƙofar ma a rufe take, sai ka zo ta gefe ko ka haƙura da ita ranar.

Kafin ka tashi daga inda kake kallo, ka haddace wurin sosai. Ka zaɓi alamu uku da ba za su ɓace maka ba, kamar farin dutse, da busasshen itace, da tsagar da ruwa ya yi, ka san tazarar kowanne da makwancinta, domin idan ka zagaya ka ɓullo ta sama tsaunin zai sauya maka kama gaba ɗaya, kuma na sha ganin maharbi ya iso daidai ya rasa inda dabbar take har ta tashi a gefensa. Ka kuma ƙirga sauran barewar da ke kusa, saboda wadda ba ka gani ba ita ce takan tona ka. Wajen zagayawa ka bi bayan tudu, kada ka tsaya a kan ƙololuwa inda siffarka za ta fito a jikin sararin sama.

Idan ya rage kamar mita 100, ka ajiye jaka, ka cire takalmi ka bar safa mai kauri, domin tafin ƙafa yana jin tsakuwa da ƙirare kafin su yi ƙara. Daga nan tafiyar ta zama ta zaune da jan gindi, bakanka a kan cinya, kana kawar da duwatsu da hannu kafin ka matsa. Idanun barewa a gefen kai suke, tana ganin kusan kewayenta duka, kuma ko da yake ba ta rarrabe ja da ruwan lemo kamar mu, ƙaramin motsi ba ya wuce ta. Ka kalli kunnuwanta da ƙahonta: idan suna lilo a sake, ka matsa, idan suka tsaya cak suka juyo, ka daskare ko da ƙafarka na sama, har sai ta koma tuƙa. Idan ka kai mita 25 ko 30, ka ɗora kibiya a tsirkiya ka zauna. Ni ba na jifa da dutse don in tashe ta, domin wadda aka tayar a firgice takan tashi da gudu. Za ta miƙe da kanta, ko da bayan awa biyu ne, ta yi miƙa, ta duba ƙasa, kuma a wannan lokacin, da ta kawar da kai, kake jan tsirkiya.

Batun baka mai ƙarfi kuwa, lissafi ne zai ba ka amsa. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, kibiyar baka na zamani mai ƙafafun juyi ba ta cika wuce mita 90 a daƙiƙa ba, ta bakan gargajiya kuma ƙasa da haka take sosai. Ƙarar tsirkiya tana riga kibiya isa ko yaushe, kuma barewar da ta ji ta takan durƙusa domin ta yi tsalle, sai kibiyar ta wuce ta sama ko ta same ta a baya inda ba ya kisa. Duk ƙarin nisa ƙarin lokaci ne gare ta. Bakan da ya fi ƙarfinka kuma ba za ka iya jansa a zaune, a hankali, bayan doguwar jira ba. Ka riƙe wanda kake iya ja ba tare da ka ɗaga shi sama ba, ka wasa bakin kibiyarka har ya iya aske gashin hannu, domin zubar jini ce take kashewa.

Harbi daga sama yana da nasa tarko. Faɗuwar kibiya tana bin tazarar kwance ne, wato kamar kai da dabbar kuna kan shimfiɗa ɗaya. Idan tana mita 40 a ido a gangare mai karkatar digiri 45, ka yi saiti kamar tana mita 28, in ba haka ba kibiyar za ta hau. Ka lanƙwasa daga ƙugu, kada ka sauke hannun baka kaɗai. Ka jira ta ba ka gefe, ko ta ɗan juya maka baya, ka nufi bayan ƙafar gaba, kana tunanin inda kibiyar za ta fita a ɗaya gefen, domin ta ratsa huhu biyu. Wadda ta fuskance ka, ko wadda reshe ya tare haƙarƙarinta, ka bar ta ta tafi.

Bayan harbi ka zauna, ka lura da inda ta ɓace maka, ka ba ta rabin awa kafin ka duba kibiyar. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Jini mai duhu na hanta ne, sai ka jira awa huɗu ko fiye. Idan ka ga kore da wari, tumbi ka samu, kuma bin ta da wuri zai tashe ta ta shiga inda ba za ka same ta ba, don haka ka ba ta akalla awa takwas, sannan ka bi sawun har ƙarshe, domin dabbar da ka raunata nauyinta yana wuyanka.

A fitarka ta gaba, idan lokacin da doka ta buɗe farauta ya zo kuma takardar izininka tana hannu, ina so ka yi kwana biyu na farko ba tare da ka ɗauki baka ba. Ka tafi da madubi da toka, ka rubuta ƙarfe nawa iska ta juya a kowane gangare, ka gwada kusantar barewa kwantacciya har mita 30, ka janye ba ta sani ba, sannan ka dawo ka gaya mini abin da ka gani.