Amsa ga 'yar'uwar da za ta hau jirgin ƙasa da motarta zuwa Fulorida

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki, inda kika ce za ki bi jirgin ƙasan nan mai ɗaukar mutum har da motarsa, wato Auto Train na kamfanin Amtrak, daga Lorton a jihar Bajiniya zuwa Sanford a Fulorida, a ƙasar Amurka, ke da yara biyu da Mama, kuma ba ki taɓa kwana a cikin jirgin ƙasa ba, kina neman sanin abin da ya kamata ki tanada. Mun sha bin hanyar nan ni da iyalina, zuwa da dawowa, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, da zarar kin miƙa motar nan, ke da ita sai gobe da hantsi. Motoci suna cikin taragansu daban, a rufe, kuma ba a barin fasinja ya shiga wurin ko da jirgi ya tsaya. Duk sauran shirin a kan wannan yake tafiya. Mutane da yawa suna ɗauka tun da motarsu tana cikin jirgin, ai kayansu na kusa. A'a. Na taɓa ganin wani dattijo bayan an tashi yana ta lalube aljihu, ashe maganin hawan jininsa yana cikin akwatin da ke but. Ma'aikatan sun tausaya masa, amma babu yadda za su yi. Haka ya kwana bai sha ba.

Saboda haka tun a gida ki raba kayanki gida biyu. Manyan akwatuna da duk abin da ba za ki nema ba sai kun isa, su zauna a mota, ita ce ma'ajiyarki, kuma nan ne ribar jirgin take, don babu mai auna miki nauyin akwati kamar a filin jirgin sama. Sai ƙaramar jaka ɗaya ko biyu ta kwana ɗaya: magungunan Mama gaba ɗaya, har da na safiyar gobe da ɗan ƙari ko za a yi jinkiri, tabaranta idan tana sawa, cajar waya, katin shaida, buroshi da man goge baki, kayan canji na yara, rigar sanyi ga kowa, silifas. Wannan jakar ki ɗora ta a kujerar gaba ko a sama-sama, kada ta nutse ƙarƙashin kaya. Dalili kuwa, idan kin iso wurin miƙa mota abin ba ya ɗaukar lokaci. Za ki tsaya a layi, a duba tikitinki, a manna wata lamba mai maganaɗisu a ƙofar direba, wani ya zagaya motar da kyamara yana ɗaukar yanayin jikinta, sai a ce ku fito. Akwai motoci a bayanki suna jira, ga yara, ga tsohuwa. Ba lokacin buɗe akwati a tsakiyar titi ba ne. Lambar nan da aka manna ki ɗauki hotonta a waya nan take, da ita za a kira ki gobe.

Ba ke za ki shigar da motar cikin tarago ba, direbobinsu ne. Shi ya sa za ki bar musu makulli a ciki. Ki cire makullin gida da sauran tarkacen da ke jikinsa ki sa a jakarki, ki bar na motar kawai. Idan motarki mai maɓallin tayarwa ce, ki tabbata ɗan rimot ɗin yana ciki, ba a jakar hannunki ba. Ki kashe ƙararrawar tsaro, domin girgizar jirgi na iya tayar da ita ta yi ta kuka duk dare har batir ya mutu. Kuɗi, kwamfuta, sarƙa da takardu masu muhimmanci su bi ki. Ni kan zagaya in ɗauki hoton motar da kaina ta kowane gefe kafin in shiga layi, ba don zargin kowa ba, don dai hankalina ya kwanta. Ki bar isasshen mai a tanki yadda gobe ba za ki fita kina neman gidan mai a garin da ba ki sani ba.

Ba ki faɗi irin motarki ba. Akwai iyakar girman da suke karɓa: tsawonta daga ƙasa zuwa sama kada ya wuce inci 85, kuma tsakanin cikinta da ƙasa ya kai aƙalla inci 4. Yawancin motocin iyali suna shiga lafiya. Inda ake samun matsala shi ne masu ɗaure kaya a kan rufi ko a baya. Idan kina da irin wannan, ki kira su tun yanzu ki tambaya, kada ki bari sai ranar.

Sai maganar lokaci, wadda nan ne sababbin shiga suke ruɗewa. Za ki ji an ce tafiyar kimanin awa 17 ce, mil 855. Gaskiya ne, amma wannan lissafin daga tashi zuwa tsayawa ne kawai. Jirgin yana tashi da yamma ya isa washegari da safe, sai dai ana rufe karɓar motoci tun kusan awa biyu kafin tashi, domin sai an gama loda su an kuma haɗa taragan. Wanda ya zo bayan an rufe, ko da yana ganin jirgin tsaye a gabansa, ba za a karɓi motarsa ba, kuma wannan jirgi ba a hawansa sai da mota. Ki duba takamaiman lokacin a tikitinki ki ƙara wa kanki rata mai yawa. Lorton tana bakin babbar hanyar I-95 ce, kudu da Washintan, kuma duk wanda ya san cunkoson hanyar nan ya san ba a yi mata alkawari. Zuwa da wuri yana da wata fa'idar ma: a wurin rajista ne ake zaɓen lokacin cin abincin dare ga waɗanda suka kama ɗakin kwana a jirgin, wanda ya makara sai abin da ya rage. Mai yara ƙanana ba za ta so zagayen ƙarshe ba. Idan kin haɗa jiran tasha da tafiya da jiran mota a can, ki ƙaddara kusan yini da kwana za ki yi.

Kin tambaya ko kujera ta isa ko sai ɗaki. Da ke kaɗai ce, da na ce kujera ta wadatar. Tana da faɗi, tana kwantawa baya sosai, akwai wurin miƙe ƙafa da wurin caji. Amma barcin kujera barcin kujera ne, akwai mai minshari, akwai mai wucewa banɗaki, kuma gobe ke ce za ki riƙe sitiyari. Da tsohuwa da yara, in aljihu zai iya, ki kama ɗaki. Ƙaramin da suke kira Roomette na mutum biyu ne: kujeru biyu suna fuskantar juna da rana, da dare ma'aikaci ya haɗe su su zama gado, ya sauko da wani gadon daga sama. Idan an shimfiɗa gadajen, abin da ya rage tsakanin gado da ƙofa bai fi wurin tsayuwar ƙafa biyu ba, ko kaya za ki canza sai dai a zaune. Babu banɗaki a ciki, ana fita ne. Ku huɗu, ko dai ki kama irinsa biyu masu kallon juna, ko ki nemi ɗakin iyali da ke hawan ƙasa, wanda aka yi don manya biyu da yara biyu. Shi wannan kaɗan ne, da wuri yake ƙarewa. Akwai kuma babban ɗaki mai banɗakinsa da wurin wanka a ciki, ya fi tsada.

Taragan fasinja hawa biyu ne, matakalar kuma siririya ce mai lanƙwasa. In Mama tana fama da gwiwa, ki nemi hawan ƙasa tun wajen sayen tikiti. Can girgiza ta fi sauƙi, banɗakuna suna kusa, sai dai ƙarar ƙafafun jirgi ta fi yawa. Wucewa daga tarago zuwa tarago ta sama ake yi, don haka zuwa ɗakin cin abinci sai an hau. Ki gaya wa mai kula da taragonku, za a iya kawo mata abincinta har ɗaki. Gadon sama kuma kada ki sa ƙaramin yaro, duk da akwai ɗamarar kariya.

Abinci: masu ɗaki abincin darensu yana cikin kuɗin tikiti. Masu kujera tun 2020 saye suke yi a taragon sayar da abinci. Da safe akwai ɗan karin kumallo mara nauyi ga kowa. Duk da haka ki riƙo abin taɓawa na yara da ruwa, musamman saboda zaman jiran tasha. Jirgin ba ya tsayawa ɗaukar fasinja ko saukewa a hanya. Tsayawa ɗaya yake yi cikin dare a Florence, Karolina ta Kudu, don shan mai da canjin ma'aikata, kuma yawanci kina barci za a yi a gama.

Cikin jirgi yakan yi sanyi da dare ko da a lokacin zafi ne. Masu ɗaki ana ba su bargo da matashi, masu kujera su zo da nasu. Intanet akwai, amma yana yankewa a wurare da dama, har da na waya, don haka ki sauke wa yara abin kallonsu tun a gida, ki haɗa musu da abin sawa a kunne. Daren farko a jirgin ƙasa barci ba ya zuwa da wuri. Ga jijjiga, ga ƙahon da yake busawa a duk mararrabar titi. Abin toshe kunne yana taimakawa ƙwarai. Wanda tafiya ke sa wa jiri a cikinku ya sha maganinsa kafin a tashi. Yara kuwa, a nawa ganin, sun fi manya saurin yin barci a ciki.

Da safe idan an isa Sanford, kada ki yi gaggawar komai. Za ku sauka ku zauna a ɗakin jira, a raba taragan motoci, a fara fito da su ɗaya bayan ɗaya ana kiran lamba ta lasifika. Wurin yakan yi tsit duk lokacin da aka fara kira, kowa ya kasa kunne, wanda aka kira tasa ya miƙe da murmushi ya ja jakarsa. Ba a bin wanda ya riga zuwa jiya. Kina iya zama ta farko a layi a Lorton motarki ta fito kusan ƙarshe, jiran kuma yakan wuce awa guda. Akwai tsarin biyan ƙarin kuɗi a sa motarki cikin na farko da za a sauke. Ni ban cika saye ba, don ba na sauri, amma mai tsohuwa da yaran da suka gaji, ina ganin kuɗin bai tafi a banza ba. Gurbinsa yana cika da wuri, a wajen sayen tikiti ake nema.

Kada ki ɗaura wani alkawari mai tsauri a safiyar isowa. Yawancin layin dogon na kamfanin jiragen kaya ne, CSX, ana raba shi da jiragen dakon kaya, don haka jinkiri yana iya faruwa. Idan an kira lambarki, kafin ki ja motar ki zagaya ta ki duba jikinta, in akwai abin da ba ki gane ba ki faɗa a nan take, ba sai kin bar tasha ba. Ki gyara kujerar direba da madubai, don wanda ya tuƙo ta wataƙila ya matsar da su, ki sake jijjiga kujerun yara ki tabbata suna ɗaure. Daga Sanford zuwa Orlando bai kai tafiyar awa ɗaya ba idan hanya ta yi kyau.

Ba ki faɗi watan da za ku tafi ba. Idan sanyi ya kawo jiki, tsofaffi masu gudun hunturu suna tururuwa zuwa kudu, idan ya wuce su juyo arewa, kuma a lokutan nan kuɗin tikiti yana hawa, ɗakuna su yi wuyar samu a ɓangaren da ake rububi. Tikitin mutane daban, na mota daban, sai kin haɗa biyun za ki ga ainihin kuɗin. Ki faɗo watan da irin motar, sai in ga ko akwai abin da zan ƙara miki. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Mama.