Amsoshin Tambayoyin Masu Lambu: Ƙwaro Mai Kama da Rina

Wani mai lambu a gefen barikin Ojo da ke Legas ya aiko da hotuna uku, yana cewa: "Malam, wani ƙwaro mai ratsin baƙi da ɗorawa ya addabi fangalin tattasaina. Yakan tsaya cak a iska, sannan ya zabura ya sake wuri. Yara sun ce rina ce, mai shagon magani kuma ya ce in yi feshi tun wuri. Mene ne shi, kuma wane magani zan saya?"

Malam, ka adana kuɗinka. Wannan ƙuda ne daga dangin da masana ke kira Syrphidae, waɗanda suka kai kimanin iri 6,000 a duniya, kuma ba ya harbi, ba ya cizo. Hotonka na biyu, wanda ka ɗauka yana zaune a kan fure, shi ya nuna haka: fukafukansa biyu ne kawai, alhali rina da ƙudan zuma huɗu gare su; idanunsa sun kusa cinye kan gaba ɗaya; 'yan ƙahonninsa kuwa gajeru ne ƙwarai, ba dogaye irin na rina ba. Da yake idanun sun haɗe a tsakiyar kai, namiji ne ka ɗauka, domin na tamata a rabe suke.

Siririn jikinsa da ratsin ɗorawa da ke gefen ƙirjinsa sun fi karkata ga Ischiodon aegyptius, wanda ya yawaita a lambunan Afirka, sai dai akwai 'yan uwansa irin su Allograpta masu kusan zane ɗaya da shi, kuma abin da ke raba su yana cikin jijiyoyin fiffike, da fuska, da wata 'yar ƙaya a gindin ƙafar baya ta namiji. Hoton da aka ɗauka daga nesa, aka kuma tura ta WhatsApp ya daƙushe, ba ya nuna waɗannan. Idan za ka sake ɗauka, ka fita da sassafe kafin jikinsa ya yi ɗumi, ka ɗauke shi ta sama fukafukai a buɗe, ka ɗauke shi ta gefe da ta fuska, ka kuma faɗi shukar da ka same shi a kai. Mai son tabbacin suna sai ya sa guda ɗaya a kwalba da sifirit ya kai wa masana ƙwari, kamar na cibiyoyin binciken noma na NIHORT ko IITA a Ibadan.

Amma abin da ya fi sunan muhimmanci yana cikin hotonka na uku, kuma ba ka ko ambace shi ba. Ganyen da ke bayan ƙudan ya nannaɗe, yana ƙyalli da danƙo, wato darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, ta kama tattasanka, kuma ita ce ta jawo shi. Tamatar ƙudan tana bin ganye tana ajiye farin ƙwai ɗai-ɗai, wanda bai fi milimita ɗaya ba, a tsakiyar darɓar. Bayan kwana biyu ko uku sai wata tsutsa marar ƙafa, koriya ko mai ruwan ƙasa, ta fito, tana lalube da siririn kanta. In ta kama darɓa sai ta ɗaga ta sama, ta tsotse ta ƙarƙaf, ta yar da ɓawon. Tsutsa guda tana cin ɗaruruwa cikin mako ɗaya zuwa biyu kafin ta ƙame jikin ganye kamar ɗigon ruwa, daga nan sabon ƙuda ya fito. Babban kuwa ruwan fure da garin fure yake ci, yana taimaka wa barbara.

Na sha faɗa a wannan fili cewa magungunan da kuke fesawa duk mako, irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin, suna kashe wannan tsutsa nan take, alhali darɓar da ta ɓuya cikin nannaɗaɗɗen ganye tana tsira, kuma da yake haihuwa take yi ba tare da namiji ba, cikin kwanaki kaɗan take komawa fiye da da. Sai ka koma shago, a ce ka ƙara murfi biyu. Mai shago kasuwarsa yake yi, kai ne ya kamata ka juya ganye ka duba kafin ka buɗe aljihu. Idan ka ga tsutsar a yawancin ganyen da darɓa ta kama, ka dakata mako guda. Idan darɓar ta fi ƙarfinta, ka fesa ruwan sabulu ko jiƙon 'ya'yan dogonyaro da yamma a wurin da abin ya yi tsanani kaɗai, ka kuma rage takin kashin kaji da yuriya, domin ganye mai taushi shi darɓa ke so.

Wata Hajiya daga Agege ta ga tsutsa mai doguwar wutsiya a durom ɗin da take jiƙa taki. Hajiya, wannan ma dangin nan ne, galibi Eristalinus, mai idanu ɗige-ɗige ko masu zane. Da wutsiyar take shaƙar iska, ruɓaɓɓen abu take ci, ba ruwanta da shukarki. Ki rufe durom ɗin saboda sauro.

Wani kuma daga Ikorodu ya ce shi ma ya ga mai ratsin ɗorawa a kan kokwamba, kuma 'ya'yan suna ruɓewa. Ɗan'uwa, naka daban ne. Baƙin tabo a bakin fiffike da tsinin da ke bayan tamata alamar ƙudan 'ya'yan itace ne, wanda ke huda ɓawo ya zuba ƙwai a ciki. Ka tsince duk wanda ya ruɓe ko ya faɗo, ka ɗaure a baƙar leda ka shanya a rana kwana uku, sannan ka binne shi da zurfi.