Igiyar lantarkin da ka kwana kana gogewa

Ƙanena, na ji ƙorafinka. Ka ce ka raba dare a kan kwamfuta kana goge igiyar lantarki daga sin ɗin fim ɗin nan na bakin ganuwa, shirin ya fita a talabijin, mutanen gidanku suka yaba jarumi, suka yaba waƙa, amma ko mutum ɗaya bai ce uffan a kan aikinka ba. Har ka ƙara da cewa, "Oga, ba gara in koma koyon siddabarun da ido ke gani ba, wuta da aljanu da fashewar mota?"

To saurara. Labarin da muka tace na zamanin da ne, tun kafin lantarki ya shigo Kano. Da igiyar nan ta fito a saman rawanin jarumi, ko ƙarfen sabis ya leƙo ta bayan Dala, wallahi da shi kaɗai za a yi ta magana har mako ya zagayo. Ba mu kaɗai abin ke samu ba. A 2019, a zangon ƙarshe na Game of Thrones, an manta da kofin shan kofi na takarda a kan teburin walimar sarakuna. Duniya ta ɗauka, sai da aka koma aka goge shi da kwamfuta. Shiri ne mai dodanni masu aman wuta, amma ɗan kofi ya kusa shafe zancensu a makon. Kuma ko a wannan shirin, dodannin su ne ɓangaren da kowa ya san na kwamfuta ne. Babban birnin labarin, an ɗauki yawancinsa ne a garin Dubrovnik na ƙasar Kuroshiya, sannan aka ɗora masa fada da hasumiyoyin da babu su a can, aka mayar da tsirarun mutane runduna. Mai kallo bai taɓa tsayawa ya tambaya ba, domin ya yarda da abin da ya gani.

Aikinmu kamar na telan da aka kawo wa babbar riga ta yage ne: in aka gane inda ya kama, bai iya ba.

Bari in faɗa maka dalilin da ya sa igiya ɗaya ta cinye maka dare, don kada ka zaci rashin iyawa ne. Talabijin ɗinmu hoto 25 take nunawa a kowace daƙiƙa. Shot, wato ɗauka guda ba yankewa, na daƙiƙa 10 ya zama hoto ko firam 250 ke nan, kuma a kowanne igiyar ta ɗan gusa, tunda mai kyamara a kafaɗa ya riƙe ta. Shi ya sa na hana ka fara gogewa kafin ka yi tirakin. Ka nemi wani abu a bango da ba ya motsi, bakin taga ko wani tabo a jikin ƙasa, kwamfuta ta bi sawunsa daga firam na farko zuwa na ƙarshe, sai facin da ka yi ya riƙa tafiya tare da hoton. Inda jarumi ya gifta ta gaban facin kuwa, babu makawa sai roto: ka zagaye shi da hannu, kafaɗa, gemu, jelar rawani, firam bayan firam. Max Fleischer ne ya ƙirƙiro dabarar a wajejen 1915 don zanen katun, kuma har yau, ko After Effects kake amfani da shi ko DaVinci Resolve ko Nuke, manhaja tana rage maka hanya ne kawai, idonka ne ke ƙarasawa.

Koren ƙyalle da kake ɗokinsa, wanda ake shimfiɗawa a bayan jarumi don a cire shi daga baya a sa wani wuri, shi ma haka yake. An zaɓi kore ne saboda ya yi nesa da launin fatar ɗan Adam, kuma idon yawancin kyamarori ya fi ɗaukar kore da tsabta fiye da ja ko shuɗi. Amma zo ka ga abin da tufafinmu ke yi masa. Tsayar da mutum cikin farar shadda mai maiƙo kusa da ƙyallen, za ka ga koren ya yi tsalle ya kwanta a kafaɗarsa da gefen kumatunsa. Ka cire bayan, ka sa masa fada, amma yana nan da kore-kore a jiki kamar mara lafiya. Mayafi shara-shara ya fi wannan wuya, domin koren yana ratsowa ta cikinsa. Ka matsa wajen cirewa, mayafin ya ɓule, ka sassauta, ya bar dauɗa. Maganin yana lokeshin: a ja jarumi gaba ya bar ƙyallen da 'yan taku, a ja ƙyallen ya miƙe babu yamutsewa, a haska shi daban, a haska mutum daban. Masu The Mandalorian, da ya fara fita a 2019, jaruminsu sulke mai ƙyalli yake sawa, irin wanda zai kwashi koren nan kaf. Suka kewaye wurin ɗauka da katangar allunan LED, ana nuna sahara ko sararin sama a jikinta kai tsaye, hasken wurin yana sauka a kan sulken da kansa. Kuɗinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, amma ciwon da suke magani shi ne na farar shaddar nan.

Abin da ke tona asirin aiki ba yawa gare shi ba, kuma kusan duk haske ne. Rana tana dama a fuskar jarumi, amma ginin da ka ɗora inuwarsa ta nuna rana tana hagu. Ƙafar mutum ba ta da 'yar inuwar nan mai duhu da ke manna takalmi da ƙasa, sai ka ga yana shawagi. Na uku kuma mu 'yan Kano bai kamata a koya mana shi ba: hazo. Ka hau Dala a lokacin hunturu ka dubi gari, gidan da ke kusa launinsa garau, na nesa ya yi fari-fari har ya narke cikin sama. Duk abin da ka dasa can nesa, dole ya sha irin wannan hazon. In ya fi abin da ke kewaye da shi tsabta, ko yaro zai ji a jikinsa cewa wani abu bai zauna ba, ko da bai san sunansa ba.

Akwai maganar da nake so ka tsana kamar yadda na tsane ta: "A bar shi, edita zai gyara." Robar ruwan da wani zai sunkuya ya ɗauke a daƙiƙa biyu, ita ce za ta zaunar da kai wuni guda. Don haka in an ba ka dama ka je lokeshin, kada ka ji nauyin darakta. Cikin ladabi ka roƙi a kafa kyamara a kan ƙafarta, kuma bayan an gama sin, kowa ya fita a ɗauko maka wurin wayam na 'yan daƙiƙu. Wannan hoton fanko shi ne jarinka. Daga cikinsa za ka yanko abin da za ka rufe duk wata ɓaraka. Ɓacewar boka da muke yi ma da shi ake yin ta, dabarar da Georges Méliès ya yi amfani da ita a Faransa tun kafin 1900. In kyamara ta girgiza, ko gajimare ya rufe rana tsakanin ɗauka biyun, bango zai yi tsalle tare da bokan.

Wuta da aljanu kuwa, ban hana ka ba, za mu zo kansu, har Blender, manhajar da ake ƙera irinsu da ita, zan sa ka buɗe. Amma wutar da za ka kunna a kwamfuta sai ta haska fuskar wanda ke tsaye kusa da ita, kuma wanda bai iya inuwar takalmi ba, ba zai iya wannan ba.

Daren yau ka zaɓi kashi ɗaya na duk shirin da kake so, ka kashe sautin, ka ɗauke ido daga fuskar jarumai. Dubi abin da ke bayan taga, dubi fuskar wayar da ake latsawa, dubi inda rufin gini ya haɗu da sama. In an zo sunaye a ƙarshe, kada ka sauya tasha, ka karanta na masu wannan aiki. Gobe bayan azahar ka zo da wayarka, za mu fita titin gidan Zu ka ɗauko min shot biyu, ɗaya da adaidaita sahu a tsaye, ɗaya babu shi, in ga yadda za ka ɓatar da shi.