Kafin ki taho Ingila: lasisin tuƙi da sunan da ke kan takardunki

Ƙanwata, salamu alaikum. Na saurari saƙonki na murya, na kuma yi murna da gurbin digiri na biyu da kika samu. Allah Ya sanya albarka. Abu uku kika tambaya: ko lasisin da kike tuƙi da shi a Kano zai yi miki aiki a nan, ko da gaske ne sai an aika fasfo ta gidan waya kafin a ba mutum lasisin Birtaniya, sai kuma mutumin nan na zaurenku na WhatsApp da ya ce a ba shi kuɗi ya fito da lasisi ba jarrabawa. Can ƙarshen saƙon kika ƙara da cewa lasisinki na gida da sunan maigidanki aka yi shi, fasfo kuma da sunan Baba. To wannan da kika faɗa a gurguje shi ya fi tsaya mini a rai.

Lasisin Najeriya, muddin wa'adinsa bai ƙare ba, za ki tuƙa ƙaramar mota da shi na wata 12 daga ranar da kika fara zama a ƙasar nan. Ba a musanya shi da na Birtaniya yadda ake musanya na Afirka ta Kudu ko Zimbabwe ko Kanada, domin Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka amince a yi wa haka. Nijar da Ghana ma ba sa ciki. Lasisin ƙasa da ƙasa da wasu ke yi kafin su taso ba ya ƙara ko kwana ɗaya a kan wata goma sha biyun. Ke nan sai kin nemi lasisin koyo, kin ci jarrabawa biyu, kamar wadda ba ta taɓa riƙe sitiyari ba.

Hukumar da ke bayar da lasisi a Ingila da Scotland da Wales ita ce DVLA, ofishinta na birnin Swansea. Ba za ki je ki tsaya gaban wani ma'aikaci ki yi masa bayani ba. A gida idan suna ya saɓa, ana samun wanda zai ce ai na san ta, 'yar gidan Malam wane ce, magana ta wuce. A nan abin da kika rubuta a fom suke haɗawa da abin da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta ajiye a kanki, harafi da harafi. In sun yi daidai a buga miki kati, in sun saɓa a aiko miki da wasiƙa, ki zauna jira.

Ki dubi katin da kyau idan ya zo. Na koyo kore ne, cikakken kuma ruwan hoda. Layi na 1 sunan iyali, na 2 sunan yanka, na 3 ranar haihuwa da ƙasar da aka haife ki. Layi na 5 shi ne lambar direba, haruffa da alƙaluma 16, kuma ba haka kawai ake zaɓo ta ba. Biyar na farko daga sunan iyalinki ake ɗebo su. In sunan bai kai harafi biyar ba a cike da 9, wato mai suna Bala lambarta za ta fara da BALA9. Shida na gaba ranar haihuwarki ce aka jujjuya, mace kuma ana ƙara mata 5 a kan alƙalamin farko na watan. Sai harufan farko na sunayenki. Kin ga sunan da kika shigo da shi da ranar haihuwar da kika bayar suna cikin lambar kanta, kuma wannan lamba ce kamfanin inshora zai nema, da masu ba da hayar mota, da duk wanda zai ɗauke ki aikin da ake tuƙi.

Mu kuwa kin san yadda takardunmu suke. A firamare malami ya rubuta Aishatu, a takardar WAEC ta zama Aisha, a banki A'isha. Wani wuri an sa sunan mahaifi a gurbin sunan iyali, wani wuri na kaka, wani wuri sunan gari, Gwarzo ko Funtuwa. Muhammad ɗaya sai ya fito da rubutu iri uku a gida ɗaya. Ranar haihuwa kuma, da yawa aka sa musu 1 ga Janairu don babu wanda ya riƙe ranar, wasu aka rage musu shekara lokacin rajistar jarrabawa. Ba rashin gaskiya ba ne a mafi yawan lokuta, mun taso ne inda mutane suka san juna. Amma kwamfutar Swansea ba ta san haka ba.

Don haka aikin a Kano yake farawa, tun ba ki nemi biza ba. Ki fito da fasfo, da takardar NIN, da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da sakamakon sakandare, da shaidar digiri, da lasisin, ki jera su a kan gado, ki bi da yatsa. Wane suna ne a gurbin sunan iyali? Akwai h a ƙarshe ko babu? Rana da wata da shekara ɗaya ne? Fasfo shi ne tushe, domin daga shi jami'a za ta cika takardar da za ki nemi biza da ita, daga shi bizar za ta fito, daga bizar kuma lasisi. Idan fasfon daidai yake, kada ki taɓa shi, sauran za ki gyara su bi shi. Idan kuskuren a cikinsa yake, sai ki fara da NIMC, hukumar da ke bayar da NIN, tunda hukumar shige da fice ba ta buga fasfo da bayanin da ya saɓa wa na NIN. Gyaran suna yakan buƙaci takardar rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida, gyaran ranar haihuwa kuma sai da takardar hukumar ƙidaya. Yana cin lokaci, shi ya sa nake cewa ki fara yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Game da lasisin da ke ɗauke da sunan maigidanki, shawarata ki koma hukumar kiyaye haɗurra a mayar da shi sunan da ke fasfo. Ki yi tunanin ɗan sanda ya tsayar da ke, ko an yi ɗan gugar mota kamfanin inshora ya nemi takardu, sunan iyali biyu ga mace ɗaya. Za a warware, amma sai an sha tambayoyi. Ni dai ra'ayina ki tsaya a kan sunan Baba a ko'ina, haka addini da al'adarmu suka tanada, kuma a nan babu wanda ke tilasta wa matar aure ɗaukar sunan miji. Duk da haka ki taho da takardar shaidar aure ta asali. In da Hausa ko Larabci aka rubuta ta, sai an haɗa da fassarar Turanci daga mai fassara da aka amince da shi. Kada kuma ki kai takardunki a manne musu leda don adana, DVLA ba ta karɓar takardar da aka lulluɓe haka, ba ta karɓar kwafi.

Maganar aika fasfo ta tsufa ga mai biza irin taki. Katin zama da ake kira BRP wa'adinsa ya ƙare ranar 31 ga Disamba 2024, yanzu izinin zama a intanet yake, shi ne eVisa. Za ki shiga asusunki na UKVI, wato hukumar biza ta Birtaniya, a shafin gwamnati na gov.uk ki ciro wata lamba mai haruffa da alƙaluma tara da muke kira sheya-kod, tana aiki kwana 90. Iri uku ce: ta neman aiki tana farawa da W, ta hayar gida da R, ta sauran buƙatu da S. Mai S ɗin za ki ba DVLA. Da ita fasfonki yana hannunki, ba kuma sai kin nemo wanda zai sa hannu a bayan hotonki ba. Wannan sauƙi ne babba ga baƙo, domin mai sa hannun dole ya kasance yana da lasisin ƙasar nan, ya san ki, ba ɗan'uwanki ba, ba kuma gida ɗaya kuke ba. Ni kaina ba zan iya sa miki ba.

Ki kula da abu ɗaya: in ejan ne zai taya ki neman biza, imel ɗinki da lambar wayarki za a sa, ke za ki riƙe kalmar sirri. Na ga ɗalibar da ta iso nan ba ta iya shiga asusunta ba, saboda lambar shiga tana zuwa wayar wani a Abuja da ya daina ɗaukar kira. Duk ranar da kika sabunta fasfo kuma, ki shiga asusun ki sa sabuwar lambarsa.

Kuɗin lasisin koyo fam 34 ne ta intanet, fam 43 in da fom ɗin D1 na gidan waya. A gov.uk kaɗai za ki biya, akwai shafukan da ke kwaikwayonsa suna ninka kuɗi. Sharaɗi shi ne izinin zamanki ya kai kwana 185, naki ya wuce haka, kuma ki iya karanta lambar mota daga nisan mita 20, ko da tabarau ne. Adireshi ki sa inda kike kwana da gaske. A gidajen ɗalibai wasiƙu a bakin ƙofa suke taruwa, na waɗanda suka tashi tun bara da tallan abinci, sai ki riƙa tonawa kullum har ambulan ɗin ya zo. In kin sauya gida ki sanar da su, kyauta ne, rashin sanarwa kuma tararsa tana kaiwa fam 1,000.

Kada ki jira wata goma sha biyun su kusa cika. Ki nemi na koyo da kin samu wurin zama. Jarrabawa sai kin yi kwana 185 a ƙasar, wato in kin zo a Satumba sai wajen Maris. Ta kwamfuta fam 23 ce, tambaya 50 ana son 43, sai bidiyon hango haɗari, maki 44 cikin 75. Ta kan titi fam 62 a ranakun aiki, kuma samun rana yakan ɗauki watanni. Idan wa'adin ya cika ba ki ci ba, kin koma 'yar koyo: alamar L a mota, da wanda ya shekara uku da cikakken lasisi, ya kuma kai shekara 21, a gefenki. Ki nemi malamin tuƙi ko da kin ƙware, a hannun hagu ake tafiya, shataletalensu kuma da ƙa'idarsa.

Shi kuwa mutumin WhatsApp, ki toshe shi yau. Ko dai ya ci kuɗin ya ɓace, ko ya kawo katin jabu da ba ya cikin rajistar DVLA, wanda ɗan sanda zai gane daga cikin motarsa, ko ya tura wata ta zauna jarrabawa da sunanki, laifin da ake ɗaure mutane a kansa a nan. Ga mai biza kuma abin ba ya tsayawa a kotu, yana bin mutum zuwa neman sabunta izini. Mafi muni, zai ce ki turo hoton fasfo da sheya-kod, da waɗannan kuwa ana buɗe asusun banki ko a ci bashi da sunanki. Kada ki tura wa kowa a zaure, ko da ya ce ɗan unguwarmu ne.

In kin gama jera takardun ki kira ni ranar Lahadi bayan la'asar, ki karanto mini sunayen ɗaya bayan ɗaya, mu ga wanda za a fara gyarawa. Ki gaida Inna da maigidan.

Yayarki.