Ziyarar Ronda: Shin Yini Guda Zai Wadatar?

Tambaya: Zan halarci wani taro a birnin Malaga na ƙasar Sifen, kuma ina da kwana biyu bayan an watse. An ba ni shawarar in leƙa garin Ronda. Shin ya cancanci wahalar, kuma yini guda zai wadatar?

Amsa: Malam, ya cancanta ƙwarai, amma shawarata ita ce ka kwana a can. Daga Malaga zuwa Ronda kimanin kilomita 100 ne, wajen awa biyu a motar bas saboda hanyar ta ratsa duwatsu. Mafi yawan baƙi da hantsi suke isowa, su yi cincirindo a kan gada, su ɗauki hoto, su juya kafin la'asar, alhali garin ba ya nuna kyawunsa sai ƙafa ta ɗauke.

An gina Ronda a kan tsauni, kuma kogin Guadalevín ya tsaga shi gida biyu da wani kwazazzabo mai zurfin kusan mita 100. Gadar da ta haɗa ɓangarorin, wadda ake kira Puente Nuevo, an kammala ta a 1793, bayan wadda ta gabace ta ta rufta a 1741 ta hallaka mutane. Daga sama ba za ka gane girmanta ba, sai ka bi 'yar siririyar hanyar da ta gangara ƙasa, ka ɗaga kai ka ga yadda ginin ya fito daga jikin dutsen kamar tare aka halicce su.

Abin da na fi so kada ya wuce ka shi ne tsohon gari, wanda ya zauna a hannun Musulmin Andalus har zuwa 1485, shekara 7 kafin faɗuwar Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Sifen. A gindinsa akwai gidan wanka na ƙarni na 13 zuwa 14, rufinsa da ƙananan ƙofofi masu siffar taurari, hasken rana yana zubowa ta cikinsu ya sauka a daɓe. Cocin Santa María la Mayor kuwa a gurbin masallacin Juma'a yake, kuma har yau ana ganin ragowar adon mihrabinsa. A garin nan aka haifi Ibn Abbad al-Rundi, malamin sufaye da ya rasu a Fas a 1390. Idan gwiwarka da ƙarfi, ka sauka matakalar da aka sassaƙa cikin dutse a gidan da ake kira Casa del Rey Moro, wadda ta cikinta ake ɗebo ruwa lokacin da abokan gaba suka kewaye garin. Tana da santsi, don haka ka sa takalmi mai kama ƙasa.

Game da abinci, naman alade ya yawaita a girkinsu, har cikin romo da wake, saboda haka ka riƙa cewa "sin cerdo", wato ban da naman alade, kafin ka yi oda. Shaguna da dama suna rufewa daga azahar zuwa wajen ƙarfe 5, kuma daren tsaunin yana da sanyi in ba tsakiyar lokacin zafi ba, sai ka tafi da rigar sanyi.